Allon ya juya wa hanya baya, ni aka kama: me zan faɗa wa alƙali?

Tambaya

Assalamu alaikum, Lauya. Ni direban tasi ne a nan Kumasi, a Aboabo nake zaune. Shekarata goma sha ɗaya a kan sitiyari ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Motar da nake ja ta wok-an-pe ce, wato ina aiki ina biyan mai mota kuɗinta kaɗan-kaɗan, saura wata bakwai in gama biya ta zama tawa. Na yi wata uku a Salaga ina jinyar mahaifina har Allah ya karɓi abinsa, sai makon jiya na dawo aiki.

Ran Laraba na ɗauko wata Hajiya da kayanta daga wajen Alabar, na karya cikin wani layi da nake bi tun ina yaron mota. Ashe a bayana an mai da shi wanwe, wato hanyar da ake bi ta fuska ɗaya kawai, saboda aikin gini da ake yi a gaba. Ban yi nisa ba sai ga wata mota ta taho, muka gogi juna, madubinta ya karye, ƙofar direba ta lotsa. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. 'Yan sanda suka zo suka auna wurin, suka karɓi lasisina, motar tana ofishinsu har yau. Na ba da bayani an rubuta na sa hannu, yayana ya yi belina. An ce in zo kotu ran Talata mai zuwa a kan laifi biyu: ƙin bin alamar hanya, da tuƙi ba tare da kula ba.

Washegari na koma bakin layin don in ga abin da na tsallake. Allon yana nan, jan nan mai farin layi a tsakiya, amma ƙarfensa ya lanƙwashe, fuskarsa tana kallon bangon wani shago, kuma an manna masa fostar jana'iza ta rufe rabinsa. A ɗaya gefen kuwa tsohon allo mai kibiya yana nan daram yana nuna a shiga layin. Mai koko da ke wurin ta ce wata babbar mota ce ta buge shi kusan mako biyu da suka wuce.

Abokan aiki a tasha sun ce in amsa laifi kawai in ce ina da bayani, in biya tara in huta. Wasu sun ce in nemi ɗan sandan da ke binciken in ba shi na goro tun magana ba ta kai kotu ba. Mai mota kuma yana jiran kuɗinsa na mako. Don Allah me doka ta ce? Kuma zan iya kai ƙarar waɗanda suka bar allon haka?

Direba daga Aboabo

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri, ya sa jinyar da ka yi masa ta zame maka lada.

Malam, ka ce ka koma ka gani, amma ba ka ce ka ɗauki hoto ba, kuma wannan ya fi komai damuna a wasiƙarka. Idan ba ka ɗauka ba, ajiye karatun nan ka tafi yanzu. Allon da ya yi mako biyu yana kallon bango ba wanda ya kula shi, da zarar an yi karo a gindinsa yakan sami mai miƙar da shi cikin dare. Na taɓa kare wani direba da reshen bishiya ya rufe masa allo. Kafin mu shirya mu je wurin an sare reshen, ba hoto, ba shaida, ya tsaya gaban alƙali yana rantsuwa a kan reshen da babu shi. An ci shi tara.

Ga yadda za ka ɗauka. Kada ka matsa jikin allon ka ɗauki fuskarsa kaɗai, wannan ba ya nuna komai. Abin da kotu ke son gani shi ne abin da idon direba ke gani daga kujerarsa. Ka tsaya a kan hanyar da ka biyo, ka ɗauka daga nesa, kamar taku hamsin, sannan taku ashirin, sannan bakin layin, wayar tana daidai tsayin idon wanda ke zaune a mota. Ka tabbata allunan biyu sun fito a hoto ɗaya, mai hanawa da mai kibiya, tare da shagon ko wani gini da za a gane wurin da shi. In da hali wani abokinka ya tuƙa ka zuwa bakin layin kana ɗaukar bidiyo, ku tsaya nan kada ku shiga, kuma a yi a daidai lokacin da abin ya faru, don rana da cunkoson masu talla suna sauya abin da ake gani. Sai ka matsa ka ɗauki fostar nan sosai. Fostar jana'iza a garin nan ba ta rasa kwanan wata. Idan ranar jana'izar ta riga Larabar da kuka yi karo, takardar da kanta ta zama shaidarka cewa allon a rufe yake tun kafin ka iso, domin ba mai manna gayyatar jana'iza bayan an watse.

Kada ka taɓa allon, kada ka ɓare fostar. Kada kuma ka goge hotunan daga wayarka don ka tura wa wani ta WhatsApp, domin asalin da ke cikin wayar shi ke ɗauke da rana da lokaci. Dokar mu'amalar lantarki ta 2008, mai lamba 772, ta yarda a karɓi irin wannan a matsayin shaida, amma za a tambaye ka wa ya ɗauka, yaushe, da wace waya. Ka karɓi lambar mai kokon nan da ta mai shagon, ka nemi Hajiyar da ka ɗauko. Ita ce shaidar da ta fi tsada, don tana cikin motar ta ga abin da ka gani, kuma ba ta da riba ko asara a shari'ar.

Yanzu ga doka. Abin da ke mulkin tuƙi a Ghana shi ne Dokar Hanya ta 2004, mai lamba 683, wadda aka yi wa gyara a 2008, da ƙa'idojin da aka fitar ƙarƙashinta a 2012, waɗanda direbobi suka fi sani da L.I. 2180. Tuhume-tuhumen biyu daga nan suka fito, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma kuskuren da yawancin direbobi ke yi shi ne su haɗa su su amsa da baki ɗaya.

Na farko, ƙin bin alama. Kundin tsarin mulki na 1992, sashe na 19, ya ce kai mara laifi ne har sai an tabbatar ko ka amsa da bakinka, kuma Dokar Shaida ta 1975 ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatarwa har ba sauran shakka mai ma'ana. Dole ya nuna akwai alama, hukumar da ke da iko ce ta kafa ta, kuma ka saɓa mata. Allon da ke kallon bango da wa yake magana? Ga kuma wani a gefe yana cewa bismillah, shigo. Direban da aka ba umarni biyu masu karo da juna, ɗaya a fili ɗaya a ɓoye, ya bi na filin, da wuya a ce ya ƙi bin alama.

Za ka ji an ce maka rashin sanin doka ba uzuri ba ne. Gaskiya ne, amma rabin zancen ke nan. Sashe na 29 na Dokar Laifuffuka ta 1960 ya raba rashin sani gida biyu. Wanda ya ce bai san haramun ne a shiga wanwe ta baya ba, ko bai san ma'anar jan allo mai farin layi ba, wannan rashin sanin doka ne, ba ya fid da kowa, balle mai lasisi. Wanda kuwa ya san dokar sarai, amma da zuciya ɗaya ya ɗauka layin nan mai zuwa da dawowa ne saboda abin da idonsa ya gani, wannan kuskure ne a kan yadda abu yake, kuma sashen ya ce ba a hukunta mutum a kansa. Kai a gida na biyu kake.

Sai dai kada ka tafi kotu da murna tun yanzu. Mai gabatar da ƙara zai ce laifuffukan hanya ba a duba niyya a cikinsu, ka shiga ko ba ka shiga ba, shi ke nan, kuma akwai alƙalan da ke karkata ga wannan. Sannan zai yi maka tambayoyin da gara ka yi wa kanka su tun a gida. Akwai kibiya da aka shafa da fenti a kan kwalta? Motocin da ke ajiye a layin, na dama da na hagu, duk ba kai suke fuskanta ba? Ba wanda ya ɗaga maka hannu ko ya yi maka ihu? A tasha ba a yi zancen an sauya layin ba tun da ka dawo? Idan amsar ɗaya daga ciki e ce, uzurinka ya yi rauni, domin doka ba allo kaɗai take dubawa ba, tana duba ko da gaske ba ka sani ba. Nan ne tafiyarka Salaga ke da amfani. Duk abin da zai nuna ba ka gari wata uku, takardar asibiti, ko shaidar mai mota cewa wani ne ke ja a lokacin, ka tanada.

Tuhuma ta biyu ita ce mai wuya, kuma allon ba zai ɗauke maka ita shi kaɗai ba. Tuƙi ba tare da kula ba, a sashe na 3 na Dokar Hanya, ana auna shi da abin da direba mai hankali zai yi a wurin. Ko da layin mai zuwa da dawowa ne kamar yadda ka zata, me ya sa kuka gogi juna? Tun 4 ga Agusta 1974 a hannun dama ake tuƙi a ƙasar nan. Idan kana hannunka na dama, a hankali, ko ma ka tsaya cak da ka hango shi, shi kuwa ya taho ta tsakiya da gudu saboda ya san ba mai zuwa, to kana da abin faɗa. Idan kai ne ka bar hannunka kana kauce wa teburin masu talla, labari ya sha bamban. Abin da zai raba gardamar shi ne zanen da 'yan sanda suka yi da suka auna wurin: inda motocin suka tsaya, inda gilashin madubi ya zube, faɗin layin. Ka tuna ko ka sa hannu a kansa, kuma ko an nuna maka shi kafin ka sa.

Haka ma bayanin da ka bayar. Mu mutanen zango da tarbiyyarmu, muna fitowa daga mota abin da ke fara fita bakinmu shi ne “yi haƙuri, laifina ne”, ko da mu aka buge. A bakin hanya ladabi ne, a takarda kuwa amsa laifi ne. Sashe na 120 na Dokar Shaida ya ce bayanin amsa laifi da mutum ya bayar yana hannun hukuma ba ya karɓuwa sai da son ransa ya bayar, a gaban shaida mai zaman kansa da ke jin harshensa, wanda zai tabbatar an karanta masa ya fahimta. Da wane harshe ka yi magana? Wa ya rubuta? An karanta maka kafin ka sa hannu? Tun 2018 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda ake tuhuma, ko a ƙaramar kotu ne, yana da haƙƙin a ba shi takardun da za a yi amfani da su a kansa kafin a fara shari'a. Saboda haka ka roƙi kotu a ba ka kwafin bayaninka, da na ɗaya direban, da zanen.

Mu zo ga shawarar 'yan tasha. A kotu amsa biyu ce: na yi, ko ban yi ba. Wannan ta ukun da direbobi ke so, “na yi amma ina da bayani”, ba ƙofar tsakiya ba ce kamar yadda ake zato. Alƙali zai saurari bayanin. Idan ya ga bayanin yana kore laifin, ya kamata ya rubuta maka “ban yi ba” a shiga shari'a. Idan ya ga roƙon sassauci ne kawai, ya kama ka da bakinka ya yanke hukunci nan take. To ka duba yadda safiyar kotun mota take: mutum talatin a layi, kowa minti uku, kai gabanka na faɗuwa, tafinta na taƙaita maganarka. Ka ce “ban ga allon ba”, a juya ta zama “ban duba ba”. An gama. Kuma wanda ya amsa laifi da kansa, ɗaukaka ƙara a kan kamun da aka yi masa abu ne mai wuyar gaske. Baki shi ke yanka wuya.

Ban ce maka amsa laifi kullum wauta ce ba. Lauyan da ya ce maka ka yi ta shari'a a kan kowane abu, aljihunsa yake dubawa. Tarar kotu a Ghana da awo ake yanka ta, kowane awo ɗaya sidi 12 ne, don haka in alƙali ya ce awo 50, sidi 600 ke nan. Shari'a kuwa ana ɗagawa, ka zo yau a ce mai bincike ya tafi aiki, ka zo wani makon a ce shaida bai zo ba, kowace rana kuma cinikin yini ne ya tafi, ga kuɗin mai mota. Na san direbobin da suka yi wannan lissafi suka zaɓi su biya, ban ga laifinsu ba. Amma naka ya bambanta da nasu ta fuska uku. Akwai motar wani da ta lalace, kuma hukuncin da ya kama ka zai zama sanda a hannunsa ranar da zai nemi diyya. Tuhuma ta biyu doka ta ba alƙali ikon ɗauri a kanta, ko da yake a karon da ba rauni kuma karo na farko tara aka fi yi, kuma kotu na iya dakatar da mutum daga tuƙi. Ga wanda saura wata bakwai ya mallaki mota, wata ɗaya ba lasisi ba ƙaramin abu ba ne. Na uku, kana da hujja ta gaske, ba irin ta “ina sauri ne” ba.

Da ni ne kai, ran Talata zan ce ban yi ba a kan duka biyun, ɗaya bayan ɗaya, in nemi takardu. Wanda ya ce bai yi ba yana iya sauyawa daga baya in ya ga zanen bai yi masa daɗi ba, alƙalai ba sa ƙin wannan. Wanda ya ce ya yi, komawa baya sai an sha wuya. Kuma idan masu ƙara suka gama kawo shaidunsu ba su nuna allon yana fuskantar hanya ba, sashe na 173 na dokar tafiyar da shari'ar laifi ya ba kotu damar sallamarka a kan wannan tuhumar ba tare da ka buɗe baki ba. Ana ma iya roƙon alƙali ya je ya ga wurin da idonsa, amma in an riga an gyara allon, kai ne za ka ji kunya, shi ya sa na fara da zancen hoto.

Zancen na goro kuwa, ka bar shi. Mai bayarwa da mai karɓa duk sashe na 239 na Dokar Laifuffuka ya kama su, kuma tun gyaran 2020 hukuncin ɗaurin shekara 12 zuwa 25 ne. Ka ɗora wannan a kan tarar da kake gudu ka gani. Belin 'yan sanda ma kyauta ne. Idan wani ya nemi kuɗi a wurinka kafin ya saki mota ko lasisi, rundunar 'yan sanda tana da sashen ladabtar da ma'aikatanta, PPSB, ga kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, wadda ke karɓar koke kyauta cikin wata goma sha biyu.

Abin da ya halatta, kuma nake ba ka shawara, shi ne ka nemi ɗaya direban. Ku tafi tare wajen mai gyara a Suame Magazine, unguwar makanikai, a yi kuɗin ƙofa da madubi a rubuce. In kun daidaita, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a sa cewa an yi ne don zaman lafiya, ba don wani ya amsa laifi ba, kuma ba sauran neman wani abu bayan wannan. Sulhun ba ya kashe tuhuma da kansa, domin ƙarar ta gwamnati ce, ba ta direban ba, amma sashe na 73 na Dokar Kotuna ta 1993 ya ba kotu damar ƙarfafa sulhu a ƙananan laifuffuka, kuma alƙali yana kallon wanda ya gyara ɓarna da wani ido dabam. Kafin ka sa hannu a komai, kai da mai mota ku sanar da kamfanin inshora, don yawancinsu sun sa sharaɗin a gaya musu da wuri kuma kada a amsa laifi ba da saninsu ba. In inshorar ta dole ce kawai, wadda dokar 1958 ta wajabta, ta wasu ce ba taka ba: tana ɗaukar rauni da rai, tana biyan ɓarnar dukiyar wani zuwa wani iyaka, amma gyaran motarku daga aljihunku zai fito. Kuma kada ka yarda a ɗora maka kuɗin duka kai kaɗai don kawai kai ne ka shigo ta baya. Dokar 1963 mai lamba 176 ta yarda a raba asara gwargwadon sakacin kowa.

Motar da lasisin: bayan mai duba motoci na DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci, ya gwada ta, ba wani dalili mai ƙarfi na ci gaba da riƙe motar da ba a yi rai ko rauni da ita ba. Mai motar, wanda sunansa ke kan takardu, ya rubuta wa shugaban sashen 'yan sandan hanya, MTTD, da ke riƙe da ita yana neman a sake ta, ya riƙe kwafi. In ba a saki ba, ran Talata a roƙi kotu. Ka kuma ciro takardar wok-an-pe ɗinku ka karanta abin da ta ce a kan makon da mota ba ta fita ba. Na ga yarjejeniyoyi da suka ce in ka tsallake biya kaza mai mota ya karɓe abinsa, duk abin da ka zuba ya bi ruwa. Ka je masa da wani dattijo, ku rubuta cewa kwanakin nan an ɗage su zuwa ƙarshe.

Saura tambayarka ta ƙarshe. E, doka ba ta hana a kai hukuma ƙara saboda sakaci ba, amma sai ka fara sanin wa ke da layin. Manyan hanyoyin da ke haɗa garuruwa na Hukumar Manyan Hanyoyi ta Ghana ne, na cikin birni yawanci na Sashen Hanyoyin Birane ne tare da majalisar yankin, na ƙauyuka kuma da sashensu. Kai da ke kwana a Aboabo ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong kake, tsakiyar gari kuwa na majalisar birnin Kumasi ne, wato KMA. In kuma aikin gini ne ya sa aka karkatar da hanya, sau da yawa ɗan kwangila ne ke da alhakin allunan wucin gadi. Dokar samun bayani ta 2019, mai lamba 989, ta ba ka damar rubutawa ka tambaya: yaushe aka mai da layin wanwe, wa ya ba da izini, wa ya kafa allon, wa ya kamata ya cire tsohon. Kwana 14 doka ta ba su su yanke shawara a kan buƙatarka. Ka rubuta wannan wasiƙar ko ba za ka kai kowa ƙara ba, domin amsar tana iya taimakonka a gaban alƙalin da ke tuhumarka. A ce ta fito ba wata hukuma da ta ba da izinin sauya layin, tuhuma ta farko ta rasa ƙafar tsayawa.

Ƙarar kanta tana da matakai. Gwamnati ba a kai ta kotu sai an ba Babban Lauyanta sanarwar kwana 30, majalisar yanki ma sai an rubuta mata an jira wata ɗaya. Sannan ka tabbatar sun sani ko ya kamata su sani, kuma sakacinsu ne ya jawo karon. A kan allon da babbar mota ta buge za su ce ba wanda ya kawo mana rahoto. Tsohuwar kibiyar da aka bari ita ce ba su da amsarta, don wanda ya sauya hanya shi ya kamata ya cire ta. Amma ka auna: kuɗin ƙofa da madubi da cinikin 'yan kwanaki a hannu ɗaya, shari'ar da za ta iya cin shekaru a ɗaya hannun. A ganina ba yanzu ba. Ka gama da ta gabanka tukuna. Bayan ka ɗauki hotunanka, ka kai rahoto ga asambiliman na wurin, wato wakilin unguwar a majalisar yankin, da ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, NRSA, wadda dokar da ta kafa ta a 2019 ta ba ikon sa ido a kan masu gina hanya. Da a ce ɗan makaranta ne a kan keke ka haɗu da shi a layin nan, da yanzu wata magana muke yi.

Tunda na san 'yan tasha za su karanta wannan, bari in toshe wata ƙofa kafin a ce Lauya ya ce duk inda allo ya lalace an yafe. Allon da aka yi kuskuren harafi a rubutunsa, ko fentinsa ya koɗe amma ana gane shi, yana nan da ƙarfinsa. Inda ba allon gudu kwata-kwata, ƙa'idojin 2012 sun riga sun yanka: kilomita 30 a awa kusa da makaranta, asibiti ko kasuwa, 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya, 100 a motowe ta Accra zuwa Tema. Fitilar hanya in ta mutu ba ta zama kore ba. Ɗan sanda mai kaki in yana ba da hannu, hannunsa ake bi ko allo ya ce wani abu dabam. Katakon da mai shago ya rubuta wa “No Parking” ya jingina da dutse a gaban shagonsa kuwa, wannan ba alamar hukuma ba ce, ko da yake in ka toshe masa ƙofa ka ja wa kanka wata rigimar.

Ran Talata ka isa kotu da wuri, kai da yayanka da ya tsaya maka, domin in aka kira ba ka nan takardar kamu za a rubuta, shi ma ya shiga uku. Ko kana jin Turancin tasha da Tonanci, ka ce Hausa kake so. Sashe na 19 na kundin tsarin mulki ya ba ka tafinta kyauta, kuma a harshenka ne kaɗai za ka iya bambanta “ban gani ba” da “ba a ganinsa”. Idan ba ka da kuɗin lauya, Hukumar Taimakon Shari'a tana da ofishi a Kumasi, ka je musu tun kafin ranar. In hukunci ya zo bai yi maka daɗi ba, wata ɗaya gare ka ka ɗaukaka zuwa Babbar Kotu. Ka wanke hotunan a takarda kwafi uku, ɗaya na alƙali, ɗaya na mai gabatar da ƙara, ɗaya naka, ka riƙe wayar da caji, a kashe ƙararta.